Wa Muke Kira Da Katin Aure, Wa Muke Bari A Bakin Ƙofa?

Da zarar an sa ranar aure a yawancin biranenmu a yau, bayan maganar lefe da ta kayan ɗaki, abin da ke biyo baya shi ne maganar kati: wane iri za a buga, guda nawa, wa zai zana, sunan wa zai zo a sama, kuma wa za a ba. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin al'amari da za a bar wa abokan ango da ƙawayen amarya su ji da shi. Ni a ganina babban al'amari ne, domin a wurin rubuta sunayen waɗanda za a gayyata ne iyali ke yanke hukunci a kan wanda suka ɗauka nasu ne da wanda suka ajiye a gefe, kuma hukuncin da aka yanke a wannan zama yakan daɗe a zukatan dangi fiye da yadda ɗanɗanon abincin biki ke daɗewa a bakinsu. Ra'ayina shi ne katin aure ya kauce daga aikin da aka ƙirƙire shi dominsa, wato kiran jama'a su zo su shaida, ya koma hanyar nuna isa da ware mutane aji-aji, kuma gyaran wannan yana hannun iyaye, ba ya buƙatar doka ko kwamiti.

Kafin kati ya zama ruwan dare, da goro ake gayyata. Ƙwaryar goro ɗaya guda ɗari ce, kuma mai gida ya san ƙwarya nawa za ta ishi danginsa da maƙwabtansa da abokan sana'arsa. Goron nan ba a ƙasar Hausa yake tsirowa ba, fatake ne suke ɗauko shi tun daga Gwanja, ta kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, daga baya kuma ya riƙa zuwa daga ƙasar Yarabawa, saboda haka wanda aka aika wa goro ya san an kashe masa abu mai daraja. Mata kuwa sukan zaga gida-gida da alawa, su yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma, a gaisa, a tambayi lafiyar yara, sannan a faɗi abin da ya kawo su. A wasu garuruwan sanƙira ne ke shela, a wasu kuma liman ne ke sanarwa bayan an idar da salla. Abin lura a duk waɗannan hanyoyi shi ne mutum ne ke zuwa wurin mutum. Idan akwai wata 'yar tsama tsakanin gidaje biyu, zuwan nan kaɗai yakan wanke ta, domin da wuya a tako ƙafa har cikin gidanka a ce maka "ana gayyatarka ɗaurin auren 'yarka" ka ci gaba da riƙe abin da ya wuce.

Ba na cikin masu cewa a watsar da kati a koma goro zalla. Garuruwa sun faɗaɗa, dangi sun warwatsu, wani yana Legas, wani yana Abuja, wani yana Yamai ko Kumasi, kuma babu wanda zai iya taka kowane gida da ƙafarsa. Tun da aikin ɗab'i ya kafu a Arewa, daga fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 zuwa kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, har zuwa lokacin da ƙananan maɗaba'u suka bazu a kowane babban gari, rubutacciyar takarda ta zama hanya mafi sauƙi ta isar da rana da lokaci da wuri ba tare da mantuwa ko kuskuren ɗan aike ba. Katin da yawancinmu muka taso muka gani ɗan fallen takarda ne mai kauri, launi ɗaya ko biyu, an rubuta iyalan wane da na wane suna farin cikin gayyatarku ɗaurin auren 'ya'yansu, sai rana da lokaci da masallaci ko ƙofar gida, sai addu'ar Allah ya ba da ikon zuwa. Wannan kati ya yi aikinsa, kuma iri ɗaya ake ba attajiri da mai gadinsa.

Abin da ya canza shi ne yanzu biki ɗaya yakan zo da katuna huɗu ko biyar. Akwai na ɗaurin aure, wanda ake rabawa kowa. Akwai na mata mai ɗauke da jerin kamu da sa lalle da yini da walima. Sannan akwai na dina, wanda ake sakawa cikin ambulan mai ƙyalli, wani lokaci ma cikin ɗan akwati, haɗe da ƙaramin katin shiga da aka rubuta cewa na mutum ɗaya ne. A wasu bukukuwan ma katin shigar kala biyu ne, masu zama gaba da masu zama baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar irin waɗannan ɗakunan taro ya ga abin da nake nufi. Tsohuwa ta taso tun daga ƙauye da sassafe, ta biya kuɗin mota, ta zo da ɗan ƙullin daddawa da man shanu na gudummawa, ta sa mayafinta mafi kyau, sai wani matashi mai baƙaƙen kaya da bai san ta ba ya tare hanya ya ce, "Baba, ina katinki?" Ita kuwa ta ce, "Ɗan nan, ni ce Gwaggon amarya, ni na yi mata wankan jego ita da uwarta." Shi ba shi da laifi, umarni aka ba shi. Sai an kira wani a waya, shi kuma yana ciki kiɗa ya hana shi ji, tsohuwa tana tsaye tana kallon waɗanda ba su haɗa komai da amarya ba suna wucewa da katinsu a hannu. Ko da daga baya an fito an shigar da ita ana ba ta haƙuri, abin da zai tsaya mata a rai ya riga ya tsaya.

Addinin da akasarinmu muke bi bai bar wannan magana a buɗe ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abu Huraira, cewa mafi sharrin abinci shi ne abincin walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda aka gayyata walima ya amsa, kuma ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa gayyata haƙƙi ce mai fuska biyu, akwai nauyi a kan wanda aka kira ya je, akwai kuma nauyi a kan mai kira kada ya zaɓi mutane da ma'aunin aljihu. Muna yawan tunatar da juna nauyi na farko, har mukan yi fushi da wanda bai zo ba, amma na biyun mun yi shiru a kansa.

Masu yin katin shiga suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Ɗakunan taro suna da iyakar kujeru, masu dafa abinci da adadin faranti suke lissafi, kuma 'yan gayyar soɗi sun yi yawa, har akwai waɗanda ba su da aiki sai bin bukukuwa. Ga satar waya da jakunkunan mata a cikin cunkoso, ga halin tsaro da ya sa mai hali ba ya son kowa ya san inda iyalinsa za su taru da dare. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan aka duba da kyau za a ga matsalar ta samo asali ne daga irin taron da muka zaɓa wa kanmu. Ɗaurin aure a masallaci ko a ƙofar gida bai taɓa buƙatar mai gadi ba, haka ma yinin biki a cikin gida. Mu ne muka ƙirƙiro taron da ba ya iya ɗaukar danginmu, sannan muka koma muna neman takardar da za ta rage mana su. Wanda ya ga lallai sai ya yi irin wannan taro, to mafi ƙarancin abin da ya kamata ya yi shi ne ya fara cika kujerun da iyaye da gwaggwanni da kawunnai da maƙwabta na kusa, abin da ya rage ya raba wa abokan aiki, kuma ya tsayar da wani ɗan gida da ya san fuskokin dangi a bakin ƙofa, kada ya bar baƙo shi kaɗai ya yi wannan hukunci.

Sai maganar kuɗi. Kusan duk takardar da ake buga kati da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, domin manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa, a Jebba da Iwopin da Oku Iboku, sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Tawada da injina da kayan gyaransu su ma na waje ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin duk abin da ya shafi ɗab'i ya tashi tare da ita, ga kuma kuɗin man janareta da mai maɗaba'a zai ɗora a kai. A cikin wannan hali ne za ka ga uban da ya ci bashi ya yi gado da katifa, an sake matsa masa ya fitar da kuɗin kati mai ruwan zinare, da kalanda, da littafin rubutu mai hoton ango da amarya, da sitikar da za a manna a jikin robobi da jakunkuna, duk don kada a ce bikin 'yar wane ya fi nasu. Waɗannan kaya rayuwarsu ba ta wuce mako guda. Kuɗin da aka zuba musu zai iya cika wa amarya ɗakin girki da abinci na wata da watanni, a lokacin da sabon gida ya fi buƙatar a tallafa masa.

Wani ɓangare na asarar kuma rashin sanin yadda aikin yake ne ke jawo shi. Babban inji na ɗab'i sai an yi masa faranti, wato fallen ƙarfe mai ɗauke da zanen da za a buga, na kowane launi kafin ya fara aiki, saboda haka kuɗin farawa yana da yawa, amma yawan abin da aka buga yana rage kuɗin kowane guda. Injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta kuwa ba ya buƙatar faranti, shi ya fi dacewa da mai son guda hamsin ko ɗari. Wanda bai san wannan ba sai ya buga dubu saboda an ce masa ya fi araha, ya raba ɗari uku, sauran su ƙare a ƙarƙashin gado. Haka kuma mutane suna zuwa maɗaba'a a ƙurarren lokaci, musamman a watan Sha'aban da ake rige-rigen aure kafin azumi, da bayan sallah, da ƙarshen shekara, ko kuma a kakar zaɓe lokacin da fastocin 'yan siyasa suka cika kowane inji. Aikin gaggawa ya fi tsada kuma ya fi yawan kuskure. Mai zane yakan ɗauko tsohon katin wani ya canza sunaye, sai a manta da tsohuwar rana ko sunan tsohon masallaci a ƙasa. Bai kamata a ba da izinin bugawa ba sai an fitar da samfuri guda a takarda, wani dattijo daga kowane ɓangare ya karanta shi a nutse, harafi bayan harafi. Ɗaurin aure abu ne na mintoci kaɗan, kuma a wurare da yawa ana yin sa a kan lokaci, don haka kuskuren sa'a ɗaya a jikin kati ya isa ya sa mutum ya yi tafiyar yini ya tarar an shafa fatiha an watse. Ranar Hijira ma tana buƙatar kula, domin katin da aka buga makonni kafin sabon wata ya kama ba shi da tabbacin ranar da za a sanar da ganin wata, shi ya sa ya fi kyau a fito da sunan ranar mako ɓaro-ɓaro tare da kwanan wata na Miladiyya.

Wurin da aka fi samun ɓacin rai, wanda kuma matasa ba sa hangowa, shi ne jerin sunaye. A al'adarmu riƙo abu ne sananne. Yarinya takan tashi a hannun Baffanta ko Kawunta tun tana 'yar shekara uku, shi ya yi mata makaranta, shi ya yi jinyarta, shi ma zai yi mata kayan ɗaki. Idan kati ya fito da sunan mahaifi kaɗai, an zubar da wahalar mariƙi a idon jama'a, idan kuma ya fito da sunan mariƙi kaɗai ba tare da an yi shawara ba, dangin uba za su ce an ƙwace musu 'ya. Haka abin yake idan mahaifi ya rasu, ko idan iyaye sun rabu. Irin wannan magana ta manya ce, a zaure ake gama ta kafin kowa ya doshi maɗaba'a, kuma sau da yawa idan aka tambayi mariƙi da ladabi, shi da kansa zai ce a sa sunan ɗan'uwansa a gaba. Tambayar ce ke da muhimmanci a wurinsa. A gefe guda kuma ga ɗabi'ar cika bayan kati da sunayen manyan mutane, masu sarauta da masu muƙami, a matsayin masu gayyata, alhali wasunsu ba a ma sanar da su ba, yayin da yayan uba da ke zaune a gida ɗaya ba a ambace shi ba saboda ba shi da wani laƙabi da za a jera kafin sunansa.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana damuna, wato buga Bisimilla da ayoyin Alƙur'ani a jikin kati, musamman aya ta 21 a cikin Suratur Rum da ke magana a kan natsuwa da ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata. Niyyar masu yi kyakkyawa ce, neman albarka suke yi. Amma kowa ya san makomar kati bayan biki. Ana tsintar sa a ƙasa a harabar masallaci, ana share shi cikin bola, iska tana kai shi cikin kwata. Mu da muka taso ana koya mana cewa ko wankin allo ba a zubarwa inda ake takawa, bai dace mu riƙa buga ayar Allah ɗari-ɗari a takardar da muka san za a yar ba. Addu'ar fatan alheri da Hausa ta wadatar. Kusa da wannan akwai hoton amarya da ake bugawa a kalanda da sitika, wanda bayan 'yan kwanaki za ka gan shi a jikin bokiti a bayan gida ko an naɗe ƙosai da shi. Yarinyar da iyayenta suka killace shekara ashirin ta fi ƙarfin a yi wa fuskarta haka.

Harshen da ake rubuta katin ma abin dubawa ne. Za ka ga ango Bahaushe, amarya Bahaushiya, liman da waliyyi da wakili da kusan duk mahalarta Hausawa, amma kati da Turanci daga sama har ƙasa, a Nijar kuma da Faransanci. Tsohon da aka kai wa sai ya nemi jikansa ya karanta masa gayyatar auren jikarsa. Idan akwai baƙi da ba sa jin Hausa, babu laifi a yi fuska biyu, amma Hausa ce ya kamata ta zo a gaba, kuma a rubuta ta daidai da ƙa'idarta, da haruffanta masu lanƙwasa, tun da yanzu kowace kwamfuta da kowace waya tana iya fitar da su. Masu zane da yawa ba sa sakawa ne kawai saboda babu wanda ya nema.

Yanzu kuma ga WhatsApp, wanda wasu ke ganin ya kawo ƙarshen duk wannan muhawara. Lallai ya sauƙaƙa abubuwa, kuma ina goyon bayan a yi amfani da shi. Hoton kati guda yana isa Jidda da Landan cikin daƙiƙa, ba a kashe takarda ba, kuma idan an ɗaga rana ana iya gyarawa nan take. Ga abokan makaranta da abokan aiki da dangi na nesa, wannan ya isa. Sai dai sauƙin nan ya zo da sakaci. Yaro ya tura wa ƙanen mahaifinsa hoton kati ba sallama ba gaisuwa, a cikin saƙon da ya tura wa mutum ɗari biyu a lokaci guda, ya kuma ɗauka ya gayyace shi. Dattijon da ya yi shiru bai zo ba, ba girman kai ya yi ba, ya ga ne ba a ba shi matsayinsa ba. Na gaba da kai zuwa ake yi a durƙusa a gaishe shi a ce, "Baffa, Baba ne ya ce in zo in sanar da kai," ko da kuwa shi ne ya sa ranar da bakinsa. Idan nisa ya hana, a kira shi a waya ya ji murya. Sannan ya kamata a bambanta tsakanin tura kati ga wanda aka sani da manna shi a Facebook ko Instagram, ɗauke da adireshin gida da lambobin wayar 'yan'uwa mata, inda duk mai mugun nufi zai gani. Abin mamaki ne iyali su baza wurin taronsu ga duniya, sannan su ɗauki masu gadi su tare Gwaggo a ƙofa.

Ba zan bar maganar katin da ya zama takardar neman kuɗi ba. A wurin mata musamman, kati yakan zo tare da atamfar anko da farashinta, wani lokaci kala biyu ko uku, ɗaya na kowane taro. Matar da mijinta ke fama da kuɗin cefane sai ta zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ta ci bashi ko ta ƙirƙiro uzurin rashin lafiya. Gudummawa tsohuwar al'ada ce mai kyau, biki ake yi wa juna, wadda ta kawo miki yau ke ma za ki kai mata gobe daidai ƙarfinki. Amma gudummawa mai bayarwa ne ke yanke adadinta, anko kuwa mai karɓa ne ke yankewa, kuma idan aka ɗaura shi a jikin gayyata an mayar da zuwa biki abin da sai mai hali.

Waɗanda za su iya juya wannan al'amari su ne waɗanda ake kwaikwayo. Talaka ba shi ya fara kati mai akwati ba, gani ya yi a gidan mai kuɗi ya bi. Idan attajiri ko basarake ko babban ma'aikaci ya aurar da 'yarsa da kati guda mai sauƙi, da Hausa, iri ɗaya ga kowa, babu wanda zai ce rashi ne ya sa shi, kuma na ƙasa da shi za su sami abin kafa hujja a gaban 'ya'yansu. Limamai suna da damar taɓo batun a huɗubobin watan Rajab da Sha'aban, lokacin da ake tsaka da shirye-shirye. Masu maɗaba'a su ma suna da rawar takawa, domin yawancin masu zuwa wurinsu samfurin da aka nuna musu suke zaɓa, kuma da za a ajiye samfurin Hausa mai tsabta wanda babu aya babu hoto a cikin waɗanda ake fara nunawa, da yawa za su ɗauka. A cikin gida kuwa, tsarin aikin ne ya kamata a sauya. A fara zama da uwa da uba da wata tsohuwa da ta san dangi ciki da waje, a rubuta gidajen da za a taka da ƙafa, da waɗanda za a kira a waya, da waɗanda za a aika wa kati, a ƙirga su, a daidaita maganar sunaye da waliyyi, sannan a tura yaro maɗaba'a da adadin da aka samu da kuɗin da aka ware.